Maganin Alhaji Bahago

Alhaji Bahago yana tsiyaya maganin feshi daga jarka zuwa kwalabe lokacin da wata farar mota ta tsaya a ƙofar shagonsa da ke unguwar Kwarbai. Ya goge hannu a gefen riga, ya ɓare goro ya jefa a baki. Sai ya ga tambarin jami'a a jikin motar.

Mace ce ta fito, takalmin robarta duk laka. Ta ce sunanta Dokta Radiya, aikinta binciken ƙwarin gona. A bayanta Malam Lado ne, shugaban manoman bayan Ƙofar Gayan, waɗanda shekara huɗu ke nan ba sa sayen magani a wurin kowa sai a wurin Alhaji.

"Alhaji, ka daure ka biyo mu gona," in ji Lado. "Akwai abin da Dokta take so ka gani da idonka."

Bai tambayi ko mene ne ba. Ya kulle shago, ya duba kwaɗon sau biyu, ya shiga mota.

Suna fita daga ganuwa Dokta ta rage gudu. Gonakin bakin hanya na mutanen da ke sayen magani a cikin kasuwa ne. Ganyen masararsu duk ɓuli kamar rariya. Ta ce sau uku aka yi musu feshi a daminar nan, amma tsutsar ta saba da gubar, tana shigewa can cikin ƙoƙon masara ta lafe. Abin da gubar ta kashe shi ne duk wani mai cin tsutsar. Dokta ta kashe injin motar ta ce su saurara. Babu kukan komai.

Alhaji ya sunkuyar da kai yana kallon tafin hannunsa.

Gonar Lado kuwa tun daga nesa ake jin ta. Kwaɗi a kwari, ƙudan zuma a kan furen kabewa, balbelu suna bin kunya. Masara ta fi mutum tsayi, wake ya shimfiɗe a ƙarƙashinta.

Dokta ta buɗe ƙoƙon wata masara ta nuna masa tsutsa guda, cinnaku sun taru suna jan ta. Ta nuna masa zanzaro ɗauke da wata zuwa gidansa na laka, da yanar gizo-gizo tsakanin karare cike da ƙananan malam-buɗe-littafi, iyayen tsutsar. Ƙadangare yana cin cinnaka, shaho yana shawagi a kan ƙadangare. Ta ce wata biyu tana ƙirga halittun gonakin nan, ta samu ninki biyar na abin da ke bakin hanya. Kowa yana cin wani, shi ya sa babu wanda ya yi yawan da zai cinye gonar.

"Kuma duk manoman nan suna yin feshi," in ji ta. "Wannan ne ya ɗaure mini kai."

Alhaji ya tuna shekarar farko. Tsutsa ta cinye rabin masarar Lado, har sai da ya sayar da ɗaya daga cikin shanun huɗarsa kafin ya ciyar da gida. Ranar da ya zo shago ido jajir, Alhaji ya ce masa ya yi haƙuri, irin wannan maganin a hankali yake aiki. Lado ya yarda, ya koma ya lallashi sauran manoma. Shekara ta biyu ɓarnar ta ragu. Ta uku rumbuna suka cika.

A gindin ɗorawar da ke kan iyaka mutane kusan ashirin suke jira a kan tabarmi. Alhaji ya rage sauri. Amma da ya matso sai suka miƙe gaba ɗaya. An ɗaure rago a jikin itacen, ga buhunan sabuwar masara a jingine.

"Naka ne, Alhaji," in ji Lado. "Wata rana na zo shagonka da baƙar magana a bakina. Ka yafe mini. Ashe kai ka san abin da kake yi."

Alhaji ya kawar da kai. Gumi ya jiƙa masa hula. Mutane suka ɗauka kunyar yabo ce, suka yi ta dariya suna cewa Alhaji ba ya son a faɗi alherinsa.

Dokta ta ciro littafi da biro. Ta ce maganin da zai kashe tsutsa ya bar zanzaro da kwaɗo da ƙudan zuma, duk manoman Arewa suna bukatarsa, ga shi kwalaben ko takarda babu. Ta tambayi sunansa da kamfanin da ke yin sa.

"Daga nesa ake kawo mini," in ji Alhaji, muryarsa can ƙasa.

"Ba komai. Na karɓi kwalba ɗaya a wurin Malam Lado, tana ɗakin gwaji tun shekaranjiya. Ranar Alhamis zan zo in karanta sakamakon a nan, gaban kowa."

Wani dattijo ya ɗaga hannu, kowa ya ɗaga. Ya roƙi Allah Ya saka wa Alhaji da kwatankwacin abin da ya yi musu, Ya bayyana aikinsa duniya ta gani. Amin ta tashi har balbelu suka firgita.

Alhaji Bahago ya shafa tare da su, bai iya ɗaga ido ya dubi Lado ba, domin shekara huɗu abin da yake ɗura musu a kwalabe ruwan rijiyar gidansa ne, da garin kala, da ɗan kananzir don wari.