Fulawar da Mama Ta Bar Mini

Mama tana da ƙatuwar fulawa mai faffaɗan ganye a falonmu na Kontagora. Ba ta bari mu taɓa, domin ruwanta yana kumbura harshe. Da za ta tafi Beri jinyar Kaka, ni ta bar wa.

Ranar da ta dawo, ko mayafi ba ta cire ba ta tura yatsa cikin tukunyar. Sai ta hango sabon ganye a naɗe.

"Wa ke ba ta ruwa?"

"Ni ce, Mama. Sai ƙasar ta bushe nake zubawa."

Ta ƙwala wa Baba kira: "Malam, fito ka gani! Yarinyar nan tana da hannu!"

Har yau ban ji yabon da ya kai wannan daɗi ba.