Manhajar Tururuwa

Akwai wani ƙazamin mutum a wani kamfanin rarraba magunguna, ya san kansa, kuma ko da turare zai yi wanka ba zai rufe abin da ya aikata ba. Injiniya ake ce masa. Da kwat ya zo, da jakar kwamfuta, da baki kamar an jiƙa shi a zuma.

Ranar da ya kama aiki ya tara direbobi a wajen lodi ya zuba musu lacca. Ya ce tururuwa in ta fita neman abinci takan bar wani ƙanshi a bayanta. Gajeriyar hanya an fi kai da kawowa a kanta, sai ƙanshinta ya yi ƙarfi, na doguwar kuwa ya bi iska. Masana sun koya wa kwamfuta wannan dabara: ta saki dubban tururuwan ƙarya a cikin taswira, su lalubo hanya mafi sauƙi. Har nan bai yi ƙarya ba, ana yin haka. Sai ya ce shi ma irin wannan manhaja ya rubuta. Daga yau ba direban da zai sake zaɓar hanya da kansa. Inda waya ta nuna, nan za a bi.

Manaja ta ji abin ya kwanta mata, ta ba shi ɗaki a ƙarshen baranda. Sharaɗi biyu ya gindaya: kada kowa ya shiga, saboda sirrin sana'a, kada kuma a yi feshin maganin ƙwari a wannan ɓangaren, wai yana da asma. Kullum da safe yakan shigo da ƙullin baƙar leda daga wajen mahauci, wai na kyanwarsa ne.

Da fari kam abin ya yi aiki. Ana isa da wuri, ana dawowa da wuri, Manaja har kirari take masa a taron ma'aikata.

Sai waya ta fara tura Dogo kango.

Dogo shi ne direban motar sanyi, mai kai allurar masu ciwon suga wani ƙaramin asibiti a tsallaken gada. Dattijo ne, ya yi furfura a kan sitiyari, ba a taɓa neman ko ƙwayar magani ɗaya an rasa a motarsa ba. Amma ga shi waya ta ce ya bi ta bayan wajen yanka katako, ya tsaya a wani fili da ba komai sai bola da awaki. Ya tsaya. Ta zaga da shi, ta dawo da shi wurin. Kafin ya kai gada, mai karɓar magani ta rufe ta tashi. Washegari ya yi biris da wayar ya miƙe gada, sai ta kai ƙararsa ofis wai ya saki hanya, aka ja masa kunne. Ya koma bin umarni, ya koma gaishe da awaki.

Ranar da aka bugo daga asibitin cewa wani tsoho ya yanke jiki ya faɗi a layin jiran allura, Manaja ta kira Dogo da Injiniya.

"Malam Dogo, me kake zuwa yi a kangon nan?"

"Ranki ya daɗe, ni ma tambayar da nake wa wannan yaron ke nan. Ko awakin ma suna da ciwon suga ne?"

Injiniya ya sosa wuyan hannunsa, wanda ya yi ruɗu-ruɗu da ƙuraje. "Manhaja ba ta ƙarya, baba. Inda mota ta saba zuwa, nan take ƙarfafawa. A bincika wa yake haɗuwa da shi a can. Allurar nan ai tana da masu nema ta bayan fage."

"Ni kake kira ɓarawo? Na yi jika da kai!"

Manaja ta ɗaga hannu. Ta ce Dogo ya ajiye makullin mota kafin a tashi, sauran bayani sai a gaban 'yan sanda.

Dogo ya fito daga ofishin. Korar ba ta dame shi ba kamar abin da za a je a faɗa wa 'ya'yansa. Ya wuce wajen motarsa ya ɗauko ƙarfen kwance taya, ya nufi ƙarshen baranda. Tun bai ƙarasa ba wani ɗoyi ya tare shi, irin wanda ke maƙalewa a maƙogwaro. Ƙudaje sun yi dandazo a gindin ƙofar. Injiniya ya biyo shi a guje yana ihun a riƙe shi, Manaja na biye.

Bugu biyu, kwaɗon ƙofar ya ɓalle. Manaja ta leƙa, ta juya, ta kelaya amai a kan takalmin Injiniya.

Taswirar garin ce shimfiɗe a kan ƙaton tebur, an ɗora tsokar ruɓaɓɓen nama a kan kowane asibiti, wasu har sun fara tsutsa. Tururuwa na gaske, baƙaƙe ƙirin, sun ja layi daga wani tulin ƙasa da ke daidai inda kamfanin yake zuwa naman, kyamara na rataye a sama tana ɗaukar layin da ya fi kauri tana tura wa direbobi. A daidai filin bayan wajen yanka katako kuwa, inda suka fi yin cincirindo, wata guntuwar alawa ce da gogan naka ya tsotsa ya tofar. To kai mai girgiza kai, da kullum waya ke gaya maka inda za ka bi, rantse min ka taɓa leƙa ɗakin da ake zaɓar maka hanya.