Maginiyar da Ta Kasa Kiran Sunan Ɗanta

Tun da ka kawo zancen magungunan nan masu sa mutum gane-gane, waɗanda ka ce ana gwadawa a kan masu ciwon damuwa, bari in buga maka misali ka auna da kanka.

An yi wata mata mai ginin tukwane a wani ƙauye, mace mai kunya ta ƙin ƙarawa. Ka san al'adarmu da ɗan fari: uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane. To, ita ta kai abin maƙura. Tun ranar suna har ya yi gemu ya yi iyali, "kai" take ce masa, in za ta yi zancensa kuwa sai ta ce "yaron nan". Ana nan sai rijiya ta rufta da shi yana cikin yasarta. Da aka shigo da gawar, matan gida suka ɓarke da kuka, ita kuwa ta ɗauki tsintsiya ta share tsakar gida saboda masu zuwa gaisuwa. Gari ya ɗauka: kun ga haƙuri, kun ga tawakkali! Yabon nan shi ya ƙarasa ta, don wanda aka yi wa kirari da haƙuri ina ya ga bakin kuka? Kafin damina ta zagayo ta koma kamar sillen kara. Tuwo ba ya wuce mata maƙogwaro, ta kan zauna gaban yumɓu har ya bushe a hannunta ba ta sani ba. Aka sha rubutu, aka yi hayaƙi, aka je asibiti aka auna jini aka ce lafiya lau. Kowa dai ya ga matar nan bin ɗanta za ta yi.

Sai ƙanwarta ta kai ta wurin wata tsohuwa mai magani. Tsohuwar na da wani jiƙo na ganye, irin wanda samari marasa jin magana ke sha su yi ta kokawa da inuwarsu, wasunsu ma har yau ba su dawo hayyacinsu ba. Ita ba ta ba kowa ya tafi da shi gida. Sai ta ga mutum, ta san cutarsa, ta zaunar da shi a ɗakinta da hantsi, ta riƙe hannunsa har abin ya sake shi. Sharaɗinta ɗaya ne: abin da ka gani, ka faɗa. Maginiya ta sha. Jim kaɗan bangon ɗakin ya soma numfashi, zanen tabarma ya yi ta gudana kamar ruwa, sai ga ɗanta tsaye a bakin ƙofa ya ba ta baya, da laka a dugadugansa. Ta ce, "Kai." Bai juyo ba. Ta ce, "Kai yaron nan." Ko gezau. Sunan ya taho har kan harshenta, sai ta tuna akwai mutum kusa da ita, ta haɗiye shi. Shi kuwa ya sa kai ya fita. Da ta farfaɗo tsohuwa ta tambaye ta abin da ta gani, ta sunkuyar da kai ta ce, "Ba komai, Inna, jiri ne kawai." Allah sarki, baiwar Allah. Ta sha ɗaci a banza, ta koma gida da ciwon da ya fi na da, don yanzu ko ido ta rufe ƙeyarsa take gani.

Tsohuwa dai ba jiya aka haife ta ba. Da aka maido matar, ba ta yi gaggawar ɗauko ƙoƙon ba. Ta sallami ƙanwar, ta saki asabari, ta zauna tana kaɗi tana ba ta labarin nata ɗan farin da ƙyanda ta ɗauke, tana kiran sunansa ɓaro-ɓaro ko kunya babu. Maginiya ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, ta kuma ji kishi ya kama ta. Sai da rana ta ɗaga sannan aka ba ta jiƙon. Ɗan nata ya sake zuwa, ya sake ba ta baya, har ya ɗaga ƙafa zai fita. Ta damƙe hannun tsohuwa, ta buɗe baki kamar mai koyon magana: "Haladu." Ya juyo. Ba ta iya cewa ya yi magana ko bai yi ba, fuskarsa dai ta gani, sak ta ranar da ya fara tafiya ya nufo ta hannu a miƙe, ita kuma ta kau da kai don surukarta na kallo. Kukan da ta yi, har masu daka a maƙwabta sai da suka ajiye taɓarya. Tsohuwa ba ta ce mata yi haƙuri ba.

Washegari ta roƙi a ƙara mata don ta sake ganinsa. Tsohuwa ta kife ƙoƙon ta ce, "Ganye ya gama nasa aikin, saura na baki." Ta riƙe ta a gidan har ta yi ƙwari, ba jiƙo ba hayaƙi, sai hira: yadda yake son ƙanzo, yadda yake dariya da ƙarfi kamar kakansa. Ban ce maka ta manta ba, uwa ba ta mantawa. Amma ta rayu, har marayun da ya bari suka ji labarin ubansu daga bakinta, da sunansa.

Ni ban ce ka je neman ganyen nan ba, ya haukata waɗanda suka fi ka ƙarfi. Na dai ce ƙoƙo ɗaya ta sha a zuwan farko da na biyu, hannu ɗaya ne kuma ya riƙe ta. Shi ya sa Bahaushe ya ce, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.