Mai Haƙuri Ya Kwashe Kasuwa

Fankar ofishin tana ƙara kamar za ta faɗo, amma ba wanda ya ɗaga kai. Su uku ne a ɗaki guda a saman wani shagon magani, suna haɗa manhajar neman aure. Oga ne mai surutu da neman masu zuba jari, Gimbiya ce mai zanen fuskar manhajar, shi kuma Shiru shi ke rubuta duk abin da ke aiki a ciki. Sunan nan kuwa ya bi shi, don sai ya wuni bai ce uffan ba.

Shiru na son Gimbiya, so mai tsanani. Kullum zai zo da niyyar faɗa mata, kullum zai ƙare da tambayarta ko maɓallin nan kore zai zama ko shuɗi. Kai, abin tausayi!

Dokarsu ɗaya ce: ba hoto, ba sunan gaskiya. Sai mutum biyu sun yi hira sun gamsu, kowa ya danna "Na yarda", sannan fuska ta bayyana. Shiru da hannunsa ya kulle hotunan yadda ko shi ba zai iya leƙawa ba, yana ma alfahari da hakan.

Sun yi wata suna gwaji da tsofaffin wayoyi kafin su saki manhajar. Da aka gama, Oga ya ce kowa ya ɗauki ɗaya. Shiru ya kai wa Mamansa tasa, don wayarta ta faɗa bokitin wanki, ya ƙara mata girman rubutu ya wuce abinsa, bai ko goge manhajar daga ciki ba.

Ba a jima ba wani mai kiran kansa Mai Haƙuri ya kwashe kasuwa. Sauran maza "ya kike" kawai suka iya. Shi kuwa sai ya gaishe ki, ya gaida iyayenki, ya tambaya ko kin karya. 'Yan mata suka yi ta yabonsa, Oga har da rawa a kan kujera.

Gimbiya ta shiga don ta ga yadda zanenta ke zama a hirar gaske, sai ga ta ta maƙale. Mai Haƙuri ya tace 'yan matan duka ya tsaya a kanta.

"Na ce masa bayana na ciwo, ya ce in daina zama a kujera mara majingina, in gasa da ruwan ɗumi," in ji ta tana murmushi. "Ya ce shi ba mai yawan magana ba ne a fili, in yi haƙuri da shi. Wai kuma tun yana yaro ba ya cin albasa. Namiji mai gaskiya kenan!"

Shiru ya ji kamar ya fasa kwamfutar. Kishi ya hana shi cin abinci. Da ya koma gida, Mama ta dube shi ta ce ya rame, ya ce aiki ne. Ta ce to Allah ya kawo sauƙi, ta ci gaba da latse-latsenta.

Ranar da Gimbiya ta ce za ta danna maɓallin, don Mai Haƙuri ya riga ya danna nasa, Oga ya jawo kujera kusa, don yana neman labarin aure na farko da zai yi talla da shi. Shiru ya kafa ido a allonsa. Shi ya gina ƙofar da za a fita da ita, shi ya sa mata makulli.

Ta danna. Hoton ya buɗe a hankali, yadda ta tsara ya riƙa buɗewa. Ta rufe baki da hannu, sannan ta juyo.

"Ashe kai ne? Munafuki! Kana nan zaune kamar ba ka san komai ba?"

Dariya take, idonta har da ƙwalla. Shiru ya leƙa, ya ga kansa tsaye cikin rigar kammala makaranta, hula ta karkace. Bai taɓa buɗe shafi a manhajar nan ba.

Wayarsa ta yi ƙara, ya ɗaga.

"Ta danna ko?" in ji Mama. "To, ni na gama nawa, yatsuna har sun yi kanta. Saura kai ka buɗe bakin nan naka, kar ka ba ni kunya a gaban surukata."