Matakala Goma Sha Huɗu

Tun a matakala ta uku ransa ya ba shi yau sai ta faɗi.

Shekara biyu ciwon huhu yana cin 'yarsa tela, shi kuma yana bin ta da kujerar roba. Da ta yi tari sai ya ce, "Zauna." Ran nan likita ta matsa mata sharaɓa ta ce, "Baba, huhu ya yi nasa, amma ƙafafun nan kujerarka ce ta cinye su." Tun daga ranar kullum sai sun zaga gida.

Yau za ta hau benen shagonta. Yana biye da kujerar a kafaɗa, numfashinta na yin fito, nasa na ɗaukewa.

"Uwata, huta mana."

"Baba, ka taɓa ni mun ɓata."

A sama ta dafa keken ɗinkinta, tana haki tana dariya. Shi ne ya jingina da bango. Ta sauke masa kujerar.

"Zauna, Baba, kar ka faɗi mini."

Ya zauna yana kallonta a tsaye, bakinsa ya ƙi rufuwa. Ko gobe ƙafafun za su sake hawa, likitar ma ba ta sani ba.