Ribar Yashi da Lambun Shugaba

Shekara shida ke nan Shugaba yana jagorantar ƙungiyar masu haƙar yashi, kuma duk wanda ya zauna da shi sai ya sha labari. Da tifa biyu suka fara, yanzu goma sha ɗaya ke shiga kogi kullum. An gina ofis, matasa sun samu abin yi. Abu ɗaya ne ya fi wannan daraja a wurinsa: lambunsa na bakin kogin, bishiyar mangwaro talatin, wanda da shi ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yansa.

Babbar 'yarsa ma'aikaciya ce a ofishin ƙididdiga. Wata Asabar ta same shi a tsakar gida ya baje littafin ƙungiya a kan tabarma.

"Zo ki gani, Malama," in ji shi. "Ku masu ilimi, kun taɓa ganin riba irin wannan?"

Ta durƙusa ta duba a tsanake. "Baba, lissafi ya yi kyau, amma rabi ne. Kun rubuta abin da ya shigo aljihu, ba ku rubuta abin da ya fita daga kogi ba."

"Yashi? Yashin da Allah ya zuba kyauta?"

"Bara taku arba'in ne daga gaɓa zuwa shingen lambunku. Jiya na auna, ashirin da shida."

Ya tuntsire da dariya. "Ashe kuɗin makarantar da na biya na ƙirga taku ne! Tashi ki gaida mamanki."

Damina ta kankama. Wata Laraba da hantsi, bayan ruwan kwana biyu, gaɓar da aka rarake ƙarƙashinta ta rufta. Shugaba yana tsaye yana kallo bishiyoyinsa suka riƙa kwantawa cikin ruwa ɗaya bayan ɗaya. Kafin la'asar saura bakwai. Rijiya da injin ban ruwa duk sun tafi. Ko sake shuka ba zai iya ba, domin ƙasar ce kanta babu.

Kwana uku bai leƙa waje ba. A na huɗu ya aika aka kira 'yar.

"Wannan rabin da kika ce ban rubuta ba, ta ina ake fara shi?"

Ba ta ce masa ai na faɗa ba. Ta ɗauko tef na awo da sabon littafi. Wata guda suna zagaye tare, shi riƙe da bakin tef, ita tana rubutu. Suka auna gaɓa, suka auna zurfin rijiyoyin unguwa, suka tambayi masunta kwandon kifi nawa suke kamawa a da, nawa yanzu. Kowace asara ta yi mata kima ta ajiye ta kusa da ribar yashi.

Ranar taron ƙungiya Shugaba ya miƙe da sabon littafin a hannu. Ya buɗe shi, ya ce:

"'Yan'uwa, cikin kashi goma da muka kira riba, bakwai jarinmu ne muke ci. Ni na fara biya. Akwai lambu goma sha huɗu a ƙasan nawa, kuma na wasunku ne."

Can wani direba ya ce, "Shugaba, wane masani ka ɗauko ya haɗa maka wannan?"

Ya gyara tsayuwa, ya nuna ta a kujerar baya. "'Yata ce. Ni na haife ta, ita ta koya mini lissafi."

A ranar suka rage tifofi zuwa biyar, suka hana haƙa kusa da gonaki. Wasu sun fita suna gunaguni. Lambun Shugaba bai dawo ba, amma goma sha huɗun nan suna nan tsaye.

Mai karatu, kogi da ƙasa da itatuwa su ma dukiya ne. Duk yankin da ke ƙirga abin da ya samu, bai ƙirga abin da ya ƙarar ba, talaucewa yake yi yana murna.