Jar Tutar Goggo

"Tashar nan ta mutu, Goggo," in ji jami'in da ya sauka daga jirgin safe. "Shekara ashirin ba ma'aikaci. Na rubuta a rufe ta, babu kowa a nan."

Goggo ta ci gaba da shara. Tun rasuwar mijinta, shugaban tashar na ƙarshe, ita ke ɗaga jar tuta jirgin ƙasa ya tsaya. In ba ta ɗaga ba, wucewa yake.

Da la'asar jirgin komawa ya taho. Jami'in ya saɓa jakarsa.

"Goggo, tutar!"

Ta naɗe ta tsaf, ta zauna a kai. Jirgin ya wuce fuu.

"Ai babu kowa a nan, ɗan nan. Wani jirgin kuma sai Alhamis."